Littafin bashi a cikin kwamfuta

Mu mutanen Dutse ba baƙin lissafi ba ne. Uwar adashi tana da littafinta, mai shago yana da na bashi, dillalin riɗi a kasuwar Shuwarin kuwa ba ya rabo da biro a aljihu. Kuɗin ne suka sauya kama. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikinmu ya koma taransifa da POS. Alat ya shigo, ya nutse cikin saƙonni, ƙarshen wata mu rasa inda albashi ya shige.

Mu 'yan kaɗan mun koma rubuta komai a fayil na rubutu zalla, wanda kowace waya za ta iya buɗewa. Manhajar da ke karanta shi sunanta Ledger, wadda John Wiegley ya fara rubutawa a 2003. Akwai kuma 'yar'uwarta hledger. Duka kyauta ne, ba sa neman data. Sai ka sa kwanan wata, ka rubuta taki, sannan layi biyu: inda kuɗin suka tafi, da inda suka fito. Idan layukan ba su daidaita ba, manhajar ba za ta karɓa ba sai ka gyara. Dabarar tsohuwa ce; Luca Pacioli ya buga bayaninta a Italiya tun 1494. Sunayen asusu kuwa da Hausa muke sa su: Gona, Cefane, Adashi, Bashin Kawu.

Har lokaci ana rubutawa. Da muka tara awannin da gonar gero ta ci a damina, da na hanyar Kiyawa zuwa da dawowa, sai farashin buhu ya daina ba mu sha'awa kamar da. Wasu cikinmu sun ƙi sa awannin ta'aziyya da dubiya a lissafin, kuma muna ganin sun yi daidai.

Amma ba wannan ya fi riƙe mu ba. Mun sha zaman rabon gado inda ake cigiyar bashin mamaci, alhali wayarsa na kulle, ba wanda ya san lambar. Gado ba ya rabuwa sai an biya bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take. Rubutu zalla ana iya buga shi a takarda a kowane shagon kwamfuta, malam ya karanta, magada su bi layi-layi, ko da manhajar ta daɗe da ɓacewa.

Wahalarsa dai tana nan. Umarninsa da Turanci ne, ya fi sauƙi a kwamfuta, kuma ranar da ka yi ƙyuya ba ka rubuta ba, babu mai rubuta maka. Uwar adashinmu ta leƙa fayil ɗin sau ɗaya, ta ce ai littafinta ne aka kwafa, sai dai nata ba ya jiran caji.