Ba kowane ciwon ƙasa ne basir ba

Waɗanda muke ƙungiya ɗaya da su sun san wurin zamana, bakin akwati, don ni ce mai ƙidaya. Shekara 9 ke nan duk ranar Laraba bayan la'asar ina kan tabarma, ƙafafu a miƙe, faranti a gabana, ina ƙidaya zubi da biyan bashi ina faɗa da ƙarfi kowa ta ji. To bara, wajen kaka, zaman nan ya fara gagarata. Na yi wata bakwai ban faɗa wa kowa dalili ba. Yau ga shi ina rubuta shi a takardar da za a karanta har Damagaram da Tawa, ku yi mini afuwa in na ambaci wuraren da ba a saba ambata ba.

Ba ciwo ba ne mai sa kuka. Nauyi ne. Kamar an ɗauki ƙwallon goriba an tura mini ta dubura an bar shi can. Sai in ji kamar bayan gida ya matsa mini, in na kewaya babu komi, ko in yi kaɗan in tashi ina jin da saura. Ga kuma ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, wanda yake tsakanin mazaunai. In na zauna na ɗan jingina baya, sai ya zama kamar kan tsakuwa na zauna, kuma tashi daga zaunen ya fi zaman zafi. Da asuba lafiyata lau. Kafin la'asar, bayan na ɗebo ruwa, na yi suyar gyaɗa, na murza tunkuza, nauyin ya sauko. In na kwanta rigingine sai ya lafa. Shekaruna 47 a lokacin, haihuwa takwas, shida na raye, al'ada kuma ta fara tsallake wata biyu ko uku.

Ban tsaya tambaya ba, na ce basir ne. Mu nan duk abin da ya taɓa ƙasa sunansa basir: ƙaiƙayi basir, jini basir, taurin ciki basir, ciwon ƙugu basir, har kasala. Ranar kasuwa ga mai magani da lasifika yana lissafa alamomi, duk wadda ta saurara da kyau sai ta ji tata a ciki. Na sayi jiƙo kwalba uku. Na sha filasko ya sa ni zawo kwana biyu, cikin ya sake ɗaurewa fiye da da. Na zauna cikin ruwan ɗumi da bagaruwa, wannan kam yana ɗan sanyaya mini na dare ɗaya. Sai yaron da ke yawo da magani a faranti ya ba ni ƙwayoyi na ciwon ƙashi. Ciwon ya yi sauƙi, amma sai in yi kwana uku ban kewaya ba, in na je kuma sai yunƙuri kamar mai naƙuda. Tunda ƙidaya aikina ne, na ƙidaya abin da na kashe: jikka 19 da ƴan kai. Ribar ƙuli-ƙuli ta wata nawa ke nan?

Abin da ya hana ni zuwa likita ba kuɗi ba ne, kunya ce. Ina da surukai, ina da jikoki. In je in kwanta in buɗe wa ɗiyar cikina jikina? Kuma kun san garinmu, kafin ki fito daga ɗakin awo labari ya riga ki gida. Akwai kuma abin da ban so in tuna ba. Shekara uku da suka wuce mun rasa wata babbar yayarmu a ƙungiya, Allah ya jiƙanta. Ita ma basir ta ce. Ta yi fiye da shekara tana ganin jini tana shan jiƙo, tana ramewa muna cewa tsufa ne. Da ƴaƴanta suka kai ta Yamai aka ce ciwon daji ne a hanji, kuma ya yi nisa. Da dare in na kwanta sai ta faɗo mini a rai. Maimakon tsoron ya kai ni likita, sai ya ƙara zaunar da ni. Na ce gara ban sani ba.

Shugabarmu ce ta tare ni bayan an rufe akwati, masu makulli uku sun watse.

Ta ce, "Ke, mi ke damun ki? Sati huɗu ina kallon ki, kina ƙidaya a durƙushe kamar mai neman gafara."

Na ce, "Ba komi Hajiya, ɗan basir ne."

"Wa ya duba ya ce maki basir ne?"

Na yi shiru.

Ta ce, "Ita ma marigayiya hakanan ta ce muna. Jibi in sha Allahu mu tahi tare, ni zan zamna bakin ƙohwa."

Ungozomar likita, wadda muke ce wa sajifam, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba. Ta rufe ƙofa, ta rufa mini zane, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zan daɗe ba." Ta fara da tambayoyi: haihuwa nawa, wace ce ta yi wuya, ko ina ganin jini, ko na rame, ko fitsari na kufce mini in na yi tari ko dariya. Sai ta yi wata tambaya da ta sa na rufe fuska: ko wani lokaci sai na danna da yatsa ta gaba kafin bayan gida ya fita. Wallahi na zaci ni kaɗai ce a duniya ke yin haka. Ta ce tana jin wannan kullum. Ta sa safar hannu ta duba gaba da baya, ta ce in yi tari, ta ce in yi yunƙuri. Abin da na yi wata bakwai ina gudu bai kai dahuwar shayi ba.

Ga yadda ta bayyana mini, kuma don wannan bayanin ne na ɗauki alƙalami. Ta ce a ƙasan ƙugun mace akwai nama mai ƙarfi da ya shimfiɗu daga ƙashin mara a gaba zuwa wancan ɗan ƙashin na baya, kamar majanyi. Abu uku ke goye a kansa: mafitsara, mahaifa, da ƙarshen hanji. Kowane ciki da kowace naƙuda suna ja masa. Ɗaukar kaya mai nauyi kullum, tari mai daɗewa, da yunƙuri a makewayi suna ƙara masa. In mace ta kai lokacin ɗaukewar al'ada, wanda ga yawancin mata yake zuwa tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin da ke riƙe ƙarfin naman wurin yana raguwa, shi ya sa abin da aka ɗauka tun ƙuruciya sai yanzu yake fitowa. A nawa, bangon da ya raba gaba da ƙarshen hanji ne ya saki, hanjin ya turo ta gaba ya yi ɗan aljihu. Bayan gida na maƙalewa cikin aljihun, shi ne nauyin da nake ji da kuma sauran da ba ya fita. A takarda ta rubuta sunansa da Faransanci, ana karanta shi rektosel. Wasu matan mafitsara ce ke turowa, wasu mahaifar ce ke saukowa har a gan ta.

Duk da haka ba ta sallame ni nan ba. Ta ce nauyin dubura a shekaruna ba a yanke masa hukunci da dubawa ɗaya, ta tura ni babbar likita a Maraɗi. Can lokotoro ya sake dubawa, aka yi mini hoton ciki, wanda ake ce wa eko, don ƙari a mahaifa ma yana iya danne hanji ya kawo irin wannan nauyin. Alhamdu lillahi ba a ga ƙari ba. Basir kuwa, ya ce akwai ɗan kaɗan, irin wanda mata da yawa da suka haihu suke da shi, amma ba shi ke damuna ba. Ashe jikka 19 ɗina na kashe su kan baƙon da bai yi mini laifi ba.

Ɗan ƙashin baya ne bai samu amsa guda ba. Lokotoro ya danna shi na zabura. Ya tambaye ni ko na taɓa faɗuwa kan mazaunaina, na ce ban tuna ba. Ya ce ƙashin yana iya jin rauni wajen haihuwa mai wuya, yana iya ciwo don dogon zama kan abu mai tauri, kuma tunda naman nan a jikinsa yake ɗaure, in naman ya gaji ya ɗaure sai ya riƙa jan ƙashin. Na tuna haihuwata ta biyar, kwana biyu ina naƙuda a gida, na yi arba'in ina zama gefe ɗaya. Na tuna kuma kujera ƴar tsugunno da nake kwana uku a sati a kanta gaban kasko. Ko wanne ne daga ciki, Allah masani.

Maganin da aka ba ni ya ba ni haushi da farko, don ba allura, ba aiki. Na ce duk wannan tafiya sai a ce in sha ruwa? Aka ce in bar ƙwayoyin nan na talla nan take, don irin su taramol suna ɗaure ciki, ɗaurewar ciki na kawo yunƙuri, yunƙuri na ƙara sakin naman. Wato da kuɗina nake sayen ƙarin ciwo. Aka ce in yawaita ruwa, da zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka da wake, in rage dogaro da burodi da farar shinkafa. In na kewaya kada in daɗe, kada in yi nishi, in bai zo ba in tashi. Kaya kuma a raba shi: bido mai lita 25 nauyinsa kilo 25 ne, ni kuwa sau shida nake ɗaukarsa a yini. Yanzu rabi nake ɗauka, ko in aiki jikoki da kura.

Sai motsa naman. Ki matse ƙasa kamar mai riƙe tusa cikin mutane, ba tare da kin matse ciki ko cinya ko kin riƙe numfashi ba, ki ƙidaya biyar, ki saki sosai ki ƙidaya biyar. Sau goma, sau uku a yini. Sajifam ta ce sakin yana da muhimmanci kamar matsewar, kuma kada in sa ran ganin canji kafin wata uku. Na haɗa shi da bayan sallar asuba, azahar da isha don kada in manta. Ta ce in abin ya ƙi, akwai wani zobe na roba da ake sa wa ta gaba ya tallafi wurin, in ya yi tsanani kuma akwai aiki. Ni ban kai can ba.

Na zama kuwa, dubarar ta gida ce. Na naɗe tsofaffin zannuwa biyu na yi babban gammo, na bar bayansa a buɗe yadda ɗan ƙashin ba zai taɓa ƙasa ba, kuma ina zama ina ɗan sunkuyowa gaba. Ranar da na fara zuwa da shi taro mata suka yi ta dariya, wata ta ce gammon da ya shekara 30 a kaina ya samu sauyin aiki. Ban warke sarai ba, kada in yi muku ƙarya. Ranar da na yi aiki da yawa nauyin na dawowa da yamma. Amma ina ƙidaya a zaune har a rufe akwati, kuma ina barci ba tare da tunanin likkafani ba.

Akwai alamomin da lokotoro ya ce in na ga ɗaya kada in jira Laraba, kuma ya ce in faɗa wa ƴan uwana. Jini a bayan gida, ja ko baƙi kamar kwalta. Rama ba dalili, ko jiki ya yi fari da yawan gajiya. Yanayin bayan gida ya canza ya ƙi komawa har makonni, ko ya riƙa fita siriri. Ciwon da kwanciya ba ta lafar da shi, yana tada ki cikin dare. Jini ta gaba bayan al'ada ta ɗauke. In kuma tsakanin cinyoyi ya mutu ba ki jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suka fara zuba ba ki sani ba, wannan na ranar ne, ba na gobe ba. Uku daga cikin waɗannan marigayiya ta yi su a gabanmu, muna ba ta sunayen masu jiƙo.

Tun da na fara faɗa, mata huɗu cikin mu 28 sun same ni a ɗaki, kowace da sallamar aron wani abu. Ɗaya ta ce nata har yana leƙowa, shekara biyu tana mayar da shi da hannu, maigidanta bai sani ba. Da na ce ta ɗauki kuɗin mota daga asusun taimako, ta ce ina, sai ta tashi gaban taro ta faɗi abin da ke damun ta? Gaskiyarta. Dokarmu ta ce mai neman taimako ta faɗi dalili kowa ta ji. Wannan ya yi daidai ga gobara da rasuwa da ciwon yaro, amma ga ciwon ƙasa dokar ta zama ƙofa a rufe. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara nan jihar Maraɗi a 1991 ya bar wa kowace ƙungiya ta tsara dokokinta da kanta, don haka gyaran a hannunmu yake.

Na kawo shawara cewa mai son zuwa awo ta faɗa wa mace biyu kawai, shugaba da wadda ita ta zaɓa, a littafi kuma a rubuta "awo" ba ƙari. Wasu sun ce za a ci kuɗin da sunan ciwo. Na ce a dawo da takardar likita a nuna wa mutum biyun nan. An yi ta ja har magariba ta kusa, ba a gama ba, an ɗaga zuwa Laraba ta sama. Ita wadda nata ke leƙowa ba ta jira ba, Hajiya ta ranta mata daga aljihunta, ranar Litinin za mu shiga mota tare.