Abin da Kyamara Ba Ta Ɗauka

Ranar da likitar gashin ƙashi ta ce mini in fara Pilates, dariya na yi. Ita ba ta yi ba. Na shafe shekara goma sha huɗu ina zaman kujera gaban kwamfuta a Abuja, har ciwon ƙugu ya kai ni inda ruku'u ya zama aiki, ɗaukar ƙaramar 'yata kuwa sai na yi shawara da zuciyata. Duk da haka abin da ya fito daga bakina shi ne, "Likita, ai wannan na mata ne."

Daga baya na tambayi kaina inda na samo wannan hukunci, tunda ban taɓa shiga ajin Pilates ba, ban kuma san wanda ya taɓa shiga ba. A waya na same shi. Duk abin da Instagram da TikTok suka nuna mini da wannan suna kama ɗaya gare shi: 'yan mata sirara cikin kaya masu launin hoda, ɗaki fari fat mai manyan madubai, na'ura mai tsada, da kofin shayi a gefe. Har suna aka raɗa wa salon, wai Pink Pilates Princess. Namiji mai tumbi da furfura a gemu ba shi da wurin zama a wannan hoton.

Wanda ya ƙirƙiro abin kuwa ɗan dambe ne. An haifi Joseph Pilates a Jamus a 1883, yana Ingila Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa, akasarin lokacin a sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man. A can ya riƙa horar da maza 'yan uwansa fursunoni, a wurin da babu madubi balle launin hoda. A tsakiyar shekarun 1920 ya koma New York, shi da Clara suka buɗe wurin horo a titin Eighth Avenue, inda masu rawar ballet suka yi ta zuwa gyaran raunukansu. Shi kansa Contrology ya kira tsarin, wato ilimin sarrafa jiki, kuma littafinsa na 1945 ya ƙunshi atisaye 34 waɗanda tabarma kawai suke buƙata. Ya rasu a 1967. A 2000 wata kotun tarayya a New York ta yanke cewa kalmar Pilates ba mallakar kowa ba ce, don haka yau duk wanda ya ga dama yana iya liƙa ta a kan abin da yake sayarwa.

Ni ma na sayi irin wannan hajar. Kunya ta hana ni zuwa aji, sai na sami wani bidiyo mai alkawarin narkar da tumbi cikin kwana 28 ta hanyar dafa ƙafa a bango. Na kulle ɗaki na bi shi. A rana ta tara na kasa sauka daga gado sai da mai ɗakina ta kama ni. Mai bidiyon ba ta san ina da matsala a ƙashin baya ba, ba ta kuma ganin yadda nake gantsare ƙugu duk lokacin da na ɗaga ƙafa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Alkawarin ma tun asali babu shi: motsa tsokar ciki ba ya zaɓar kitsen ciki ya ƙone shi. Lokacin da Lori Harvey ta danganta kyan cikinta ga Pilates a bikin Met Gala na 2022, maganar ta zaga duniya; bayanin da ta yi daga baya, cewa ta haɗa da rage cin abinci sosai da wasu atisaye, bai yi irin wannan tafiya ba.

Sai da na je wurin malami na gane ainihin matsalar, kuma ba ƙarya kaɗai ba ce. Darasina na farko na yi shi kwance a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, ina koyon shaƙar iska ta yadda haƙarƙari zai buɗe ta gefe, in fitar da ita ina ɗaure tsokar da ke can ƙarƙashin cibiya ba tare da ƙugu ya motsa ba. Minti ashirin muka yi a kan haka. Na yi gumi sharkaf, amma da wani ya ɗauke ni bidiyo, abin da za a gani shi ne mutum kwance kamar mai jiran barci. Kafafen sada zumunta kuwa suna ɗaukaka abin da ke tsayar da yatsa cikin daƙiƙa biyu. Shi ya sa na'urar Reformer, mai sifirin da gado mai zamewa, ta mamaye su, tare da motsi masu wuya da ƙwararru kaɗai ya kamata su gwada. Tushen aikin, wato numfashi da daidaita ƙashin baya da yin motsi kaɗan amma daidai, ba ya yin kyau a hoto, don haka ba ya yaɗuwa.

Ba zan yi butulci ba. Ba don waɗannan kafafen ba, da wuya a sami masu neman Pilates a Abuja da yawan da zai sa malamina ya buɗe aji, kuma akwai likitocin gashi na gaske da ke koyarwa a YouTube cikin natsuwa. Sai dai masu kallonsu ba su kai na masu alkawarin kwana 28 ba.

Wata bakwai ke nan. Tumbin yana nan daram, amma ina ɗaukar 'yata ba tare da tunani ba. A makon jiya na ga wani abokin aikina yana tashi daga kujera yana dafe ƙugu, na faɗa masa abin da nake yi kowace Talata da Asabar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ma, Alhaji?" Na ba shi lambar likitar. Har yanzu bai kira ta ba.