TIREBON, GARIN TABKUNA DA KAREN RUWA

A tsakiyar Turai akwai wata ƙasa da ake kira Cek. Babban birninta Firag ne. Kamar Nijar take, ba ta da bakin teku. Amma mutanenta suna cin kifi, don sun iya kiwonsa kamar yadda makiyayi ke kiwon tumaki.

In mutum ya bar Firag ya yi kudu, kafin ya kai iyakar Ostiriya zai iske wani ƙaramin gari, sunansa Tirebon. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ga daji ga fadama. Ko'ina aka duba ruwa ne. Tabkunan da ke kewaye da garin sun kusa 500, kuma mutane ne suka gina su da hannu.

AIKIN KAKANNI

A da, wurin laka ne, ba ya nomuwa. Sai mutane suka riƙa tare ruwa da ganuwar ƙasa, suna zuba kifi. Tabkin da ya fi girma ana ce masa Rozambak. Wani mutum mai suna Yakub Kircin ne ya shugabanci gininsa, daga 1584 zuwa 1590. Tsawon ganuwarsa ya fi kilomita 2, faɗin ruwansa hekta 489. Akwai kuma wata hanyar ruwa da suka haƙa, ta fi kilomita 40, tana ɗauko ruwa daga kogi tana shayar da tabkuna ɗaya bayan ɗaya. Har yau tana aiki.

Kifin da suke kiwo sunansa kapar a bakinsu. Ba shi ne karfasa ba, ya fi ta girma. Ana ƙara masa abinci da hatsi. Sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya kai kilo 2 zuwa 3. Da kaka a buɗe ƙofar tabki, ruwa ya janye, masunta su shiga da raga. A watan Disamba ana sayar da shi da rai a bakin titi, don shi ne abincin daren sallar Nowel.

ƁARAWON DARE

Akwai wata dabba da ita ma ke son wannan kifi. Ita ce karen ruwa. Jikinsa dogo ne, ƙafafu gajeru, da fata tsakanin yatsu kamar na agwagwa. Tsawonsa har wutsiya ya kai mita ɗaya. Da dare yake farauta. Abin da yake ci a rana ya kusa kilo ɗaya. Ku lissafa da kanku: a shekara kilo nawa ke nan?

Shekarun baya karen ruwa ya kusa ƙarewa a wurare da yawa na ƙasar. An farauce shi don fatarsa, kuma dattin masana'antu ya ɓata koguna. A 1992 gwamnati ta yi dokar kare dabbobi da itatuwan da ke shirin ɓacewa, shi ma yana ciki. Ba a kashe shi, ba a ɗana masa tarko. Sannu a hankali ya sake yawa.

Mutanen birni suka yi murna. Masu tabki kuwa suka fara ƙirga asara.

Babban kamfani mai tabkuna da yawa yana iya jurewa. Wanda abin ya fi ci shi ne mai ƙaramin tabki guda a bayan gida. A ƙaramin ruwa kifi ba shi da maɓuya. In karen ruwa ya kama babban kifi, sai ya ci rabi ya bar saura a bakin gaɓa.

Lokacin ɗari abin ya fi muni. Can sanyi yana daskarar da saman ruwa ya zama ƙanƙara. Kifi ya kwanta a ƙasa shiru, ba ya cin abinci, yana tanadin ƙarfinsa. In karen ruwa ya sami kafa ya shiga, kifi duk ya firgita ya yi ta gudu. Wanda bai kama ba ma ya rame, ko ya ji rauni, ya mutu daga baya. Wahalar shekara 3 ta tafi a ɗari ɗaya.

KUƊIN SHINGE

To, tun da an hana kisa, mene ne dabara? Rigakafi ya fi magani. Dabara ta farko shinge ce.

Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance. Kewayensa mita 400 ke nan. Mai tabkin hekta ɗaya sai ya sayi ragar ƙarfe ta mita 400, da turaku. Karen ruwa yana haƙa, don haka sai an binne gindin ragar cikin ƙasa. Yana hawa, don haka wasu ke ja wayar lantarki. Wutar tana fizgarsa ya gudu, ba ta kashe shi. Sai an sayi batir. Sai an riƙa yanke ciyawa, don in ta taɓa waya ƙarfin wuta ya tsiyaye. Mashigar ruwa da mafitarsa su ma sai an sa musu ƙarfe. Kafa ɗaya in ta buɗe, kuɗin duka sun tafi a banza. Babban tabki irin Rozambak kuwa ba mai iya kewaye shi.

Wani zai ce: a kama shi a kai shi nesa mana. Wannan ba ya magani. Kowane karen ruwa yana da yankinsa. In wuri ya zama ba kowa, wani ne zai zo ya gaje shi.

DIYYA

A shekarar 2000 gwamnatin Cek ta yi wata doka. Ta ce in dabbar da aka hana kashewa, kamar karen ruwa, ta yi wa mutum ɓarna, gwamnati za ta biya diyya. Amma ba da baki ake karɓa ba. Sai gwani ya zo ya duba sawu da kashin dabbar a bakin ruwa, ya rubuta takarda. Gwani ba kyauta yake aiki ba. Kifin da ya shiga ciki kuma ba ya ƙirguwa kamar akuya a garke. Shi ya sa masu ƙananan tabkuna ke kukan diyyar ba ta rufe asara.

Wasu da haƙurinsu ya ƙare sukan sa guba a ɓoye, irin maganin ƙwari da ake kira karbofuran, wanda aka hana tun 2008. Guba ba ta zaɓe. Mikiya ta ci ta mutu, karen makwabci ya ci ya mutu. Wanda aka kama kuwa sai kotu.

Manoman Kure, kusa da Yamai, sun san irin wannan magana. A 1996 raƙuman dawa sun rage kusan 50 kawai. Aka kare su, suka hayayyafa har suka wuce 600. Amma waken da suke ci na manomi ne. Haka dorina ke yi wa masu shinkafa a Ayoru.

Barin dabba da rai abu ne mai kyau, amma yana da kuɗi. Mutanen Cek sun yarda da abu ɗaya: in ƙasa duka ce ke son dabbar ta rayu, bai kamata mai tabki ya ɗauki kayan shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da suke jayayya a kai har yanzu shi ne nawa za a biya, da yadda kuɗin za su kai hannun ƙaramin mutum ba tare da wahala ba.