Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Ni ɗan aji biyar ne. Daga gidanmu zuwa lakwal tafiyar kilomita 3 ce, kuma da ƙarfe 8 ake shiga aji. Shi ya sa ba ni fita sai na karya kumallo.

Daga tuwon dare zuwa safiya, cikina yana yin wajen awa 11 babu kome. Ga shi ƙwaƙwalwa da abinci take aiki, kamar yadda fitila take ci da kananzir.

Kalacina ba mai tsada ba ne. Inna tana dama mini kunun hatsi, ko ta ɗumama tuwon jiya da miyar kuka. Hatsi yana ba da ƙarfi. Ranar da aka samu nono, sai in sha da fura, don nono yana gina ƙashi da haƙora. Kafin in sa hannu cikin kwano, sai na wanke da ruwa da sabuni.

Yaron da ya zo da yunwa, ana gane shi. Tun kafin ƙarfe 10 ya fara hamma. Malam yana bayani, shi hankalinsa yana gida. Abu kaɗan sai fushi, sai faɗa. Ba halinsa ba ne, yunwa ce.

Abokina da muke zama tebur ɗaya, haka yake zuwa in rumbunsu ya yi ƙasa. Da na gaya ma Inna, sai ta fara ƙulla mini gujiya ta mutum biyu. Lokacin hutu mu zauna gindin itace mu raba. In mun koma aji, shi ke fara ɗaga hannu wajen lissafi.

Ku ma ku dubi na kusa da ku. Ko ya ci wani abu yau?