Maganin Tsohon Maiƙo a Jikin Riga

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna bisa wani abu da ake rainawa, alhali kuwa yana cin dukiya, har yakan kai mace ga yin yaji. Abin nan shi ne maiƙon da ya kwana biyu a jikin riga.

Mu nan ƙasar Shanono manoman gyaɗa ne, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji ƙamshin ƙuli-ƙuli ba. To, inda mai ya yawaita tilas ya taɓa tufafi. Mutum ya ci tsire ran kasuwa, mai ya ɗiga a gaban farar rigarsa ta zuwa aiki, a wanke, a goge, tabo ya fito ɓaro-ɓaro. Sai maigida ya hau matarsa da faɗa, wai ba ta iya wanki ba. Ni dai a ganina laifin na dutsen guga ne. Zafinsa ke dafa man cikin zare, iska kuma ta daskarar da shi ya koma kamar ƙaro. Jiƙaƙƙiyar riga tana ɓoye maiƙo, saboda haka kada a goge ta sai ta bushe an duba ta a haske.

In kuwa aikin gama ya gama, ga yadda muke yi. Ruwa da mai ba sa ga maciji da juna, zuba ruwan sanyi wahalar banza ce. A goga sabulun salo bisa tabon, ciki da waje, a murza da yatsa, a bar shi ya kwana. Da safe a jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, a tace, a wanke wurin da shi. Dalili kuwa, sabulu gefensa guda mai yake kamawa, guda kuma ruwa, kanwa ta ƙara masa kaifi. Tsohon tabo ba ya fita karo guda, sai an maimaita sau biyu ko uku. Manja dabam yake: in man ya fita ja ya saura, a shanya a rana tsaka, ita za ta cinye jan. Baƙin man inji kuwa sai kananzir, amma a yi nesa da murhu da fitila.

Wannan duka ga farin yadi ne. Rigar da aka rina da baba, irin ta Kura ko ta Ƙofar Mata, in an murje ta wurin zai koɗe, gyara ya zama ɓarna. Ita sai a barbaɗa mata garin rogo tun man yana sabo, ya kwana yana tsotsa, a kakkaɓe. Shadda ma in ta sha wanki sai an mayar da ita ga masu bugu kafin ƙyallinta ya komo.

Malamai sun fi ni sanin man gyaɗa ba najasa ba ne. Wanda rigarsa guda ce, tabo kuma ya ƙi fita, ya sa abarsa ya tafi Juma'a.

Wassalam.

Malamin makaranta,
Shanono.