Makau da Ado: yadda ake kuskuren mutum

Duk ɗan Nasarawan Doya da ya karanta littafin Shaihu Umar yana da dalilin tsayawa a kan Makau, ɗaya daga cikin mutanen labarin, domin da aka kore shi daga Kagara, nan ƙasarmu ta Makarfi ya zo ya zauna. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne yana malamin makaranta, don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934.

Mu kan ce kallon farko ke yaudarar mutum, a yi wa rogo kallon kitse. To amma Sarkin Kagara ba ranar da ya kore shi ya fara ganin Makau ba. Ya san shi, ya yarda da shi, wannan yardar ce ma ta tsone wa fadawa ido. Da aka dawo daga hari suka ce ya ɓoye wasu bayi, sai Sarki ya ajiye sanin da ya yi masa na shekaru, ya ɗauki maganar masu yawa. Bakuna da yawa ne suka taru a kan magana ɗaya, ta zama kamar shaida.

Ita kuwa mahaifiyar Umar, wanda littafin ke ɗauke da sunansa, ta wata fuskar abin ya zo mata. An sace mata ɗa, tana yawon nemansa, ta haɗu da Ado a Kano, ya ce zai kai ta inda yaron yake. Ya ƙetara Sahara da ita ya sayar. Ban iya kiranta mara wayo ba. Uwar da ɗanta ya ɓace, duk wanda ya ambaci sunansa mutumin kirki ne a wurinta.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Abdulkarim. Balarabe ne mai fataucin bayi, mai karatu na jiran mugunta daga gare shi, sai ga shi da Umar ya faɗa hannunsa ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Amma bai daina sayen mutane ba. Ina za mu ajiye shi?

Yau fadawan sun koma zaurukan WhatsApp. Ana binciken aure ko ana neman wanda za a ba amanar kuɗin taki, mutum uku su ce "ai wane ba shi da gaskiya", shi ke nan an rufe babinsa, alhali shekara ashirin ana cin kasuwar rake da shi a Makarfi ba a taɓa kama shi da kwabon kowa ba.