Bakin Saƙa

Mai sayen kayan saƙa, in ya san abin da yake yi, ba tsakiya yake fara dubawa ba. Juya rigar yake yi, ya bi bakinta da yatsa. Tsakiya kowa na iya ƙawata ta da launi, amma baki shi ke tona asirin hannu. Wannan ne darasi na farko da na ɗauka daga Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta raini marayu huɗu a cikin garin Daura da zaren ulu da kibiya biyu.

A ƙasarmu saƙa sana'ar hunturu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke gangarowa daga Sahara, babu mai jegon da za ta fito da jariri ranar suna ba hula, ba safa, ba rigar sanyi. Abin da masaƙiya ta tara a watannin nan shi ne kuɗin hatsi da na makaranta. Ga shi kuwa kayan inji da na gwanjo sun cika kasuwa, sun fi nata araha. Ba abin da ya rage mata sai tsabtar aiki. Rigar da bakinta ya saki, ko an saye ta, ba a komowa neman ta biyu.

Na tambayi Goggo abin da ke sa baki sakin jiki alhali hannu ɗaya ne ya saƙa shi da tsakiya. Ta ce in ƙirga maƙwabta. Kowane idon saƙa da ke tsakiya yana da na dama da na hagu, suna raba rarar zare a tsakaninsu. Na baki kuwa maƙwabcinsa ɗaya ne. Duk rarar da aka turo tun farkon layi a kansa take taruwa, sannan da an juya aiki a sake hawansa nan take, bai ko zauna ba.

Maganinta uku ne. Na farko, idan an juya, a zare idon farko zuwa ɗaya kibiyar ba tare da an saƙa shi ba, sai baki ya fito a jere kamar kitso. Na biyu, kada a tsuke idon farko da ƙarfi, domin hakan buɗe na ƙasansa kawai yake yi. A bari sai an zura kibiya cikin ido na biyu, sannan a ja zare. Na uku, a yi aiki kusa da tsinin kibiya, kada a ware su nesa da juna. In rigar za a haɗa ta da ɗinki, a ƙara ido ɗaya a kowane gefe, shi allura za ta ci. "'Yar nan," in ji ta, "ba ƙarfi ba ne, sanin wurin ja ne."

Masaƙan gargajiya sun riga mu sanin haka. Ƙyalle siriri suke saƙawa, a jera baki da baki a ɗinke, ya zama gwado ko zane. Ƙyallen da bakinsa ya karkace ba ya zama da ɗan'uwansa. Haka mai tabarma, haka mai faifai: ba a yabon aiki sai an ga yadda aka rufe baki.

Da na girma sai na lura ashe mu ma mazauna baki ne. Masarautar Daura, da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ita ce gefen Nijeriya ta wannan kusurwa. Ƙetare Kongolam kaɗan ka shiga Nijar. Lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, an ja zaren da ƙarfi a idon farko. Ciniki ya ja baya, ziyarar dangi ta yi wuya, ɓarakar kuwa ta koma hanyoyin daji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma matsi ma yana tsaga bango.

Yanzu 'yan mata biyu ke koyo a hannuna. Ba na fara su da fure ko zanen ado. Ido 20 nake jera musu, su yi ta kai da komo har baki ya miƙe. Wadda ta jure wannan, na san zare zai ciyar da ita.